Babi na Bakwai: Agogon da Sai an Faɗa Masa Inda Yake

A ɗakin na'urori na kamfanin sadarwa, ko na banki, ko na babbar tashar rarraba wutar lantarki, akwai wani siririn akwatin ƙarfe da ba kasafai ake waiwayarsa ba. Yana jere cikin 'yan'uwansa, a gabansa ɗan allo mai nuna lokaci da fitilu biyu ko uku. Daga bayansa waya ɗaya ta fita, ta bi bango, ta huda rufi, ta je ta ƙare a gindin wata 'yar farar eriya da aka ɗaure a kan sandar ƙarfe. Wannan akwati shi ne agogon gidan. Duk wata kwamfuta da ke wurin daga gare shi take karɓar lokaci, shi kuma yana karɓa daga taurarin ɗan'adam, waɗanda na GPS daga cikinsu ke shawagi a nisan kilomita 20,200 daga doron ƙasa.

Ranar da aka girka shi, injiniya zai buɗe shafin saiti ya tarar da tambaya tana jiransa: a wane yanayi risibar tauraro za ta yi aiki? Kowane kamfani da sunan da yake ba zaɓuɓɓukan, amma ma'anarsu ba ta wuce uku ba. Ko dai eriya a kafe take kuma ana so risiba ta auno wurin da kanta, ko a kafe take amma mutum ne zai shigar da wurin da hannu, ko kuwa tana bisa abin da ke tafiya. Haka aka kasa su a na'urar SecureSync, wadda kamfanin Spectracom na Amurka ya fara ƙerawa kafin ta koma hannun Safran na Faransa, haka kuma suke a ƙananan risibobin lokaci na kamfanin u-blox na Suwizalan. Da yawan masu girkawa sukan tsallake shafin. Fitila ta yi kore, allo ya nuna lokacin da ya zo daidai da na wayar hannu, sai a ja ƙofa a kulle. A ganina duk cikin saitin babu shafin da ya kai wannan nauyi, domin abin da aka zaɓa a nan shaida ce mutum yake bayarwa game da eriyarsa, kuma yawancin risibobi ba sa musu da wanda ya ba da ita.

Me ya haɗa wuri da lokaci?

Kowane tauraro abu biyu yake ta nanatawa dare da rana: ga inda nake, ga kuma lokacin da na aiko wannan saƙo. Saƙon yana tafiya da gudun haske, kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, ya iso ƙasa bayan kimanin kashi 7 cikin 100 na sakan. Aikin risiba shi ne ta ƙididdige wannan jinkiri na hanya ta gyara agogonta da shi. To amma ba za ta san jinkirin ba sai ta san nisan, ba kuma za ta san nisan ba sai ta san inda ita kanta take.

Duk wanda ya taɓa hango mai faskare daga nesa ya san ido kan riga kunne: sai ka ga gatari ya sauka, daga baya ƙarar ta iso. In ka san nisan da ke tsakaninku, ko da idonka a rufe za ka iya lissafa lokacin da aka yi saran daga lokacin da ka ji ƙara. In ba ka san nisan ba, babu yadda za a yi ka bambance wanda ya sara da wuri daga nesa da wanda ya sara a makare daga kusa.

Shi ya sa risibar da ba ta san wurinta ba take da abu huɗu da za ta nemo a lokaci guda: latitud, longitud, tsayi, da kuskuren agogonta. Abu huɗu kuwa sai da taurari huɗu aƙalla. Haka GPS na wayar hannu da na mota suke aiki, kowane sakan su sake lissafi. Ajiye wayarka a kan tebur ka zuba wa taswira ido, za ka ga ɗigon da ke nuna inda kake yana ɗan yawo, mita uku nan, mita biyar can, alhali wayar ko motsi ba ta yi ba. Direba bai damu da wannan ba. Agogo kuwa ya damu, domin santimita 30 kacal haske yake ci a nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Kuskuren mita ɗaya nanosakan uku ne da ɗoriya. Na mita 300 maikirosakan ɗaya ne, kashi ɗaya cikin miliyan.

Mai karatu na iya cewa, wa ke neman lokaci har zuwa wannan ƙurewa? Wayar da ke aljihunsa ce ta farko. Zangon gigahaz 3.5 da hukumar NCC ta yi gwanjonsa a watan Disambar 2021, wanda MTN ta fara ba da 5G a kansa a 2022, zango ne da ƙarfen sabis da waya suke magana a kansa bi da bi: ƙarfe ya aika, ya yi shiru, waya ta amsa. Idan agogon ƙarfen da ke maƙwabtaka ya zame, zai riƙa aikawa a daidai lokacin da ɗan'uwansa ke saurare, ya hana shi jin wayoyin jama'a. Don haka ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta taƙaita saɓanin kowane ƙarfe a maikirosakan 1.5, ta kuma ce uwar agogon da ke ba su lokaci kada ta kauce da fiye da nanosakan 100. Masu wutar lantarki ma haka. Idan babban layi ya sami matsala a tsakiyar daji, girgizar takan bi waya ta isa tashoshin da ke bakinsa biyu, kuma daga bambancin lokacin isowarta ake gane wurin. Saɓanin maikirosakan ɗaya tsakanin agogunan biyu yakan kautar da ma'aikata da kimanin mita 150. Lokacin da wuta ta ɗauke wa mutane kusan miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da Kanada ranar 14 ga Agustan 2003, masu bincike sun sha wahala wajen jera abin da ya fara da abin da ya biyo baya, saboda agogunan tashoshi da yawa ba su yi daidai da juna ba.

Safiyo

Eriyar da aka ɗaure da noti a kan rufi ba ta zuwa ko'ina. A kan wannan gaskiya aka gina yanayi na farko, wanda shi ne ya dace da kusan duk agogon da ke cikin gini. Risiba za ta yi ta auna wurinta sakan bayan sakan, ta tara awon, ta fitar da matsakaicinsa, sannan ta riƙe shi ta daina tambaya. Wannan shi ne safiyo. Daga ranar, abu ɗaya ya rage mata ta nema, wato lokaci. Idan tana ganin taurari takwas, shaidu takwas ke nan a kan tambaya guda, ta haɗa maganarsu ta fitar da amsar da ta fi ta kowannensu tsabta. Idan suka ragu zuwa ɗaya, aiki bai tsaya ba.

Akwai wata riba kuma da ba a cika ambata ba. Tunda kowane tauraro amsar tambaya ɗaya yake bayarwa, ana iya gwada amsoshin da juna. Da taurari biyu risiba za ta gane akwai mai kuskure, da uku za ta gane wane ne ta fitar da shi daga lissafi. Risibobin Oncore na kamfanin Motorola sun shahara da wannan dabara tun shekarun 1990, kuma yau da wuya ka sami risibar lokaci da ba ta da irinta. A tabbata dai a kunne take.

Tsawon wane lokaci ya kamata safiyo ya ɗauka? Thunderbolt na kamfanin Trimble awo 2,000 yake tarawa in ba a canza masa ba, wato minti 33 da 'yan kai, kuma kusan haka SecureSync take yi. Oncore 10,000 take tarawa, awa uku ba kaɗan. Risibobin u-blox kuwa sharaɗi biyu ake gindaya musu: mafi ƙarancin lokacin da za su ɗauka, da iyakar kuskuren da za a lamunta, ba su tsayawa sai duka biyun sun cika. Ni dai inda na'ura ta ba da dama, awa 24 nake ba da shawara, kuma ina da dalili. Tauraron GPS sau biyu yake zagaya duniya a rana, tsarin taurarin da ke saman kowane gida kuma yakan maimaita kansa duk bayan awa 23 da minti 56. Safiyon rabin awa ɓangare ɗaya kawai ya gani na wannan zagaye, da yanayin sama na wannan rabin awar. In ya faɗo a lokacin da wani tauraro ke haska bangon maƙwabta sigina tana dawowa a karkace, da wannan karkatar za a kulle wurin, a kuma zauna da ita shekaru. Safiyon kwana guda cur ya ga rana, ya ga dare, ya ga kowane tauraro ta kowace kusurwa.

A kula da lambar da allo ke nunawa a matsayin ingancin safiyo. Tana faɗin yadda awon ya yi kusa da juna ne, ba ta da masaniyar ko dukkansu sun karkata gefe guda. Kada kuma a matsa sharaɗin ya wuce ƙarfin na'ura. Wanda ya ce wa risiba mai kama zango ɗaya sai ta kai santimita 10, yana iya dawowa bayan kwanaki ya tarar har yanzu tana safiyo.

Da an gama, a adana wurin a ma'ajiyar da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke. A ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa wannan ƙaramin batu ne. A wurinmu kuwa, inda ake sauyawa daga layi zuwa janareto sau da yawa a yini, risibar da ba ta adana wurinta ba duk tashin da za ta yi sabon safiyo take farawa, ta kuma kulle a sabon wuri mai ɗan bambanci da na jiya.

Haɗarin wannan yanayi a bayan girkawa yake zuwa. Wata shida sun wuce, an zo kafa faranten sola ko tankin ruwa a kan rufi, sandar eriya ta tare hanya. Leburori suka kwance ta da kyakkyawar niyya, suka matsar da ita mita 20 zuwa ɗaya kusurwar, suka ɗaure ta tamau. Babu wanda ya sauko ya faɗa wa risiba. Ita har yanzu a tsohon wuri take lissafi, kuma wannan mita 20 na iya zama kuskuren nanosakan 60 ko fiye, mai hawa da sauka yayin da taurari ke wucewa. Fitila kore take, ƙararrawa ba ta kaɗa ba. In akwatin ɗungurungum aka ɗauka daga Kano zuwa Kaduna, wasu na'urorin sukan gane tazarar ta yi yawa su sake safiyo da kansu, wasu kuma su tsaya cak su ƙi ba da lokaci. Ƙaramar ƙaura ce ta fi ɓarna, don ita ce ba ta tayar da kowa. Duk ranar da aka taɓa eriya, a goge wurin da aka adana, a sake safiyo.

Yanayi na biyu an tanade shi ne don inda sama ta yi ƙunci: eriya a bakin taga, ko a lungu tsakanin dogayen benaye, inda da wuya a ga taurari huɗu a tare, balle safiyo ya kammala. A nan mutum ne zai rubuta wa risiba latitud da longitud da tsayi, ita kuma ta yi aiki ko da tauraro ɗaya. Duk nauyin ya dawo kan mai rubutawa, kuma ramukan da ke gabansa suna da yawa. Wurin eriya ake nema, ba na ƙofar gida ba. Digiri 12 da minti 30 daban yake da digiri 12.30, tsakaninsu akwai kilomita 22. Sakan ɗaya na latitud kusan mita 30 ne, wato nanosakan 100, duk abin da aka yarje wa uwar agogo ke nan. Wanda zai rubuta digiri da ɗigo, ya kai lamba biyar aƙalla bayan ɗigon kafin ya sauko kusa da mita ɗaya.

Sannan ga wani rami da ya shafi Najeriya kai tsaye. Tsofaffin taswirori da takardun filaye da yawa a kan ma'aunin Minna aka zana su, GPS kuwa da ma'aunin WGS 84 yake aiki, kuma wuri ɗaya yakan bambanta da gomman mitoci tsakanin ma'aunan biyu. Wanda ya kwafi lambobi daga takardar fili ya zuba wa risiba, ya ba ta wurin da ba nata ba. Tsayi ma iri biyu ne: akwai wanda ake aunawa daga bakin teku, akwai wanda ake aunawa daga siffar duniya ta lissafi da GPS ke amfani da ita, kuma a wasu sassan duniya tazararsu takan kai mita 100. Kuskuren tsayi ya fi na gefe muni. In ka kauce gabas, taurarin gabas za su ja lokaci gefe ɗaya, na yamma su ja ɗaya gefen, su ɗan rage wa juna. Taurari kuwa dukkansu a sama suke, saboda haka kuskuren tsayi gefe guda yake tura su baki ɗaya. Ra'ayina shi ne kada a shiga wannan yanayi sai an rasa yadda za a yi. Kuɗin ƙarin waya da doguwar sanda da za su kai eriya inda take ganin sama ba su kai darajar abin da ake sarayarwa ba.

Yanayi na uku ba ya buƙatar dogon bayani. Na jirgin ruwa ne, da motar watsa shirye-shirye daga waje, da duk abin da ke sauya wuri. Risiba ba ta safiyo, ba ta riƙe wuri, kullum sai da taurari huɗu, kuma lokacin da take bayarwa bai kai na kafaffiya tsabta ba. Wasu na'urorin sukan ƙara tambaya ko a ƙasa ake, ko a ruwa, ko a sama, don su san irin motsin da za su sa rai da shi. Wanda ya bar agogon gini a wannan yanayi ya yi asarar inganci a banza. Wanda ya kulle wuri a kan jirgin ruwa kuwa, da jirgin ya bar tasha agogonsa ya tashi daga aiki.

Saman da ke kanmu

Littattafan da ke zuwa da waɗannan na'urori galibi a Turai da Amurka aka rubuta su, don haka za ka ga suna cewa a ba eriya sarari ta kudu. Dalili shi ne hanyar taurarin GPS ba ta haura digiri 55 na latitud, saboda haka mutumin Jamus yana da babban giɓi a samansa ta arewa. Mu a Kano ko Yamai taurari ta kusan ko'ina suke ratsa mu. Giɓinmu yana ƙasa-ƙasa ta arewa, daga bakin sararin zuwa kimanin digiri 35. In dole sai wani bango ya tare eriya, to ya kasance ta arewa.

Akwai saitin da ke cewa risiba ta yi watsi da duk tauraron da bai ɗago sama da wata kusurwa ba. Digiri 10 aka fi sawa. Tauraron da ke ƙasa-ƙasa siginarsa ta fi daɗewa a cikin iska, kuma ita ta fi saurin dukan rufin kwano ko gilashin bene ta iso ta hanya biyu, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya mai kwana. A tsakiyar gari, ɗaga kusurwar zuwa 15 ko 20 yakan kawo sauƙi. Risibar da ta riƙe wurinta tana iya wannan zaɓe, tunda ba ta da ƙishin taurari huɗu.

Babbar jarrabawarmu tana can sama, a sashen da ake kira ayonosfiya, inda hasken rana ke caja iska har ta riƙa jinkirta sigina. GPS yana aiko da wani gyara na lissafi da John Klobuchar ya tsara, amma kusan rabin jinkirin kawai yake cirewa. Risiba mai kama zango biyu ita ke iya auna jinkirin da kanta ta cire kusan dukkansa, kuma a yankinmu ta cancanci kuɗinta. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, kuma a kewayensa ayonosfiya takan rikice bayan faɗuwar rana. Daga magariba zuwa tsakar dare sigina takan yi ta rawa, ta yi ƙarfi ta dushe, har risiba ta saki wasu taurarin. Abin ya fi tsanani a Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, musamman a shekarun da rana ke kan ganiyar zagayenta na shekara 11, kamar 2024. A irin wannan dare ake ganin amfanin safiyo. Risibar da ke yanayin tafiya in taurarinta suka ragu zuwa uku ta tsaya. Wadda ta san wurinta tana nan tana aiki da biyun da suka rage.

A nan ya kamata a ambaci wata sigina ta gyara da aka tanada don jiragen sama. Tun watan Satumbar 2020 hukumar ASECNA, wadda Nijar da Chadi da Kamaru ke cikinta, ta fara watsa irinta ta kan tauraron NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba a Disambar 2011. Abin alfahari ne, kuma ga matuƙin jirgi alheri ne. Amma an gina irin wannan tsari ne don wuri da amincin sauka, yana kuma da nasa agogon. Shi ya sa u-blox ke ba da shawarar a kashe shi a risibar da aikinta lokaci ne.

Taurarin wa, lokacin wa?

Risibobin yau ba GPS kaɗai suke ji ba. Akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin wanda aka kammala a 2020. Kowannensu ya taɓa tuntuɓe ko zai iya yi. A farkon Afrilun 2014 GLONASS ya shafe sama da awa 10 yana watsa bayanan da ba daidai ba. A Yulin 2019 Galileo ya yi kusan mako guda ba ya aiki. Saboda haka dogaro da tsari ɗaya ganganci ne. Sai dai kunna duka huɗun ma ba shi ne hikima ba. GPS da Galileo a kan megahaz 1575.42 suke haɗuwa, don haka eriya da waya jinkiri iri ɗaya suke yi musu, kuma su ne tagwayen da na fi natsuwa da su. GLONASS yana wajen megahaz 1602, taurarinsa a rarrabe cikin gurabe daban-daban, kowane gurbi da ɗan bambancin jinkirinsa. Tsohuwar eriyar da aka ƙera don GPS kaɗai ma tana iya tace shi ta zubar, injiniya ya yi ta mamakin me ya sa ya kunna GLONASS amma allo bai nuna ko tauraro ɗaya ba. Abin da ya fi komai shi ne agogunan da za su yi aiki tare a saita su iri ɗaya, domin kowane tsari da ɗakin awon da yake bi: GPS na bin na rundunar ruwan Amurka, GLONASS na bin na Rasha, kuma tsakaninsu akwai 'yan nanosakan.

Daga nan sai tambayar wane lokaci za a fitar. Lokacin GPS ya fara ƙirga ne ranar 6 ga Janairun 1980, kuma ba ya karɓar sakan na ƙari da ake cusa wa lokacin duniya, UTC, don ya yi daidai da juyawar ƙasa. Tun farkon 2017 yana gaban UTC da sakan 18. Lokacin BeiDou yana bayan na GPS da sakan 14. Lokacin atom na duniya, wanda kayan sadarwa da yawa ke amfani da shi, yana gaban UTC da sakan 37. Duk wanda ya ga agogonsa ya kauce da 18 cif ko 37 cif, kada ya zargi eriya, ya koma shafin saiti. Risibar da aka tayar daga sanyi kuma tana iya ɗaukar minti 12 da rabi kafin saƙon da ke ɗauke da adadin sakan na ƙari ya iso mata, don haka a hana ta raba lokaci kafin nan. Awa ɗaya da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suke gaban UTC, a bar wa allo da kwamfutocin masu amfani su ƙara. Cikin agogon ya zauna a UTC.

Ranar 26 ga Janairun 2016 ta nuna muhimmancin wannan zaɓi. A wajen yi wa wani tsohon tauraro ritaya, mai lamba SVN-23 da aka harba tun 1990, an loda wa wasu taurarin GPS gurɓataccen bayani game da tazarar lokacin GPS da UTC. Kuskuren maikirosakan 13 ne, ya kuma ɗauki kusan rabin yini. Masu taswira ba su ji komai ba, domin awon nisa lafiya lau yake. Amma ƙararrawa ta yi ta kaɗawa a kamfanonin sadarwa, rediyon dijital na BBC a Ingila ma ya sami tangarɗa. Gwada taurari da juna bai kama wannan ba, tunda ba a awon nisa matsalar take ba. Waɗanda suka tsira su ne na'urorin da ke aiki da lokacin GPS tsantsa, da waɗanda manhajarsu ta duba kwanan watan da ke jikin bayanin ta ga ya tsufa ta ƙi karɓa.

Saura waya. Risiba lokacin da sigina ta iso gare ta take gani, alhali wurin da ta auna na eriya ne. A cikin waya sigina ba ta kai gudun haske ba: a RG-58 nanosakan 5 take ci a kowace mita, a LMR-400 kusan 4. Mita 30 na RG-58 nanosakan 150 ke nan, ya riga ya haura iyakar 100. Kamfanin Meinberg na Jamus yana da eriyar da ke yarda a ja RG-58 har mita 300, wanda jinkirinsa maikirosakan 1.5 ne cif. Safiyo ba ya gano wannan, gwada taurari ma ba ya ganowa, domin dukkansu jinkiri ɗaya suke sha. Sai mutum ya auna wayar ya rubuta, har da rarar da aka naɗe aka cusa a silin, da na'urar kare tsawa, da duk abin da aka saka a hanya. A duba kuma ko nanosakan shafin saitin yake nema ko mita.

In sigina ta yanke gaba ɗaya, agogon cikin akwati ne ke riƙon ƙwarya. Na rubidiyam mai kyau yakan yi kwana guda bai kauce da fiye da kimanin maikirosakan ɗaya ba. Na dutsen kwaz yakan zame da ninkin-ba-ninkin haka, musamman in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya zafi ya hau. Kowannensu sai ya daɗe yana bin tauraro kafin ya koyi halin kansa, kuma ɗaukewar wuta na iya goge abin da ya koya, don haka batirin wannan akwati ba wurin tsimi ba ne. A saita masa iyakar awannin da zai riƙe kafin ya sanar da na'urorin da ke karɓar lokaci daga gare shi cewa kada su ƙara dogara da shi. Yankewar sigina ba sai da tsawa ta faɗa wa eriya ba. A 2012 wani direba a Amurka ya sa 'yar na'urar toshe GPS a motarsa don kada kamfaninsa ya san inda yake, ya riƙa rikita kayan filin jirgin saman Newark duk lokacin da ya bi ta kusa, har hukuma ta yanka masa tarar kusan dala 32,000.

Akwai abu ɗaya da ba ya cikin shafin saiti, kuma ya fi shafar masu sayen kayan gwanjo. Tsohuwar siginar GPS makonni 1,024 kawai take iya ƙirgawa, kusan shekara 19 da wata 7, sannan ta koma sifili. Hakan ya faru a Agustan 1999, ya sake faruwa ranar 6 ga Afrilun 2019, na gaba kuma yana Nuwambar 2038. Amma risibobi da yawa daga ranar da aka rubuta manhajarsu suke fara nasu ƙirgen, saboda haka kowace da ranar da za ta koma baya. Tsofaffin Thunderbolt a Yulin 2017 suka yi tasu: sakan yana bugawa daidai, kwanan wata kuwa ya koma 1997. Kafin ka biya kuɗin kowane agogon tauraro, sabo ko na hannu, ka sa mai sayarwa ya rubuta maka shekarar da manhajarsa za ta ƙare ƙirga, da kuma ko kamfanin da ya ƙera shi yana nan yana sabunta ta.